Gayyar da Na Kira ta Waya

Duk arewacin Kano ban ga wanda ya kai ni sanin yadda ake tafiyar da jama'a ba. Shekara biyar na yi ina karatun digiri na uku a kan shugabancin manyan makarantu, na karance littattafan da in aka labta wa jaki sai ya durƙusa. A lokacin, da za a ba ni jami'a uku a haɗe, da hannun hagu zan riƙe su.

Sai aka shiga dogon yajin aikin nan. Aka garƙame jami'a, kundina ya tsaya cak a babi na huɗu. Takardun tambayoyin da na raba wa shugabannin sassa suna kulle a ofisoshinsu, ɓeraye suna amsa su. Farfesan da ke duba aikina kuwa, duk sanda na kira sai ya ce yana gona. Zaman birni ya gagare ni, ga tsadar hatsi ga tsadar mai, na kwashi iyali muka koma ƙauyenmu, can bayan Ɗanbatta.

A ƙauyen ma zama ya ƙi. Da safe in kunna rediyo in ji ko an janye, ba a janye ba. In buɗe kundi, in rufe. In taka bakin titi in yi ta kallon motocin Kano, in dawo in sake kunna rediyo. Mutanen gari kuma tun shekarar farko suka laƙaba mini Dakta, kullum aka kira ni sai in ji kamar rigar wani na saka.

A kakar ne Baba ya kwanta da ciwon ƙafa, ga gyaɗarsa ta nuna, ruwa kuma ya ɗauke. A wajenmu in ruwan ƙarshe ya wuce, 'yan kwanaki gare ka ka cire gyaɗa tun ƙasa na da danshi. In ta yi tauri, sai ka ja ganye ya biyo ka, 'ya'yan su yi zamansu a ƙasa. Gyaɗar nan kuwa da ita gidan yake dogara har wata damina. Baba ya ce a kira gayya, mutanen gari su taru su cire ta a yini ɗaya.

Na yi wuf na ce ya bar mini, ai fannina ne. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in sayi goro. Na ce to, amma a raina na ce zamanin goro ya wuce.

Na zana gonar a takarda, na raba ta huɗu, kowane yanki da shugaba da mataimaki. Na tsara saƙo mai kyau, da rana da lokaci, na tura wa duk magidancin da ke da waya. Inna ta tambaye ni ko na je gidan Kawu, yayanta, wanda in ya ɗaga fartanya rabin gari ke bin sa. Na nuna mata waya, na ce ga shi har ya karanta.

Ranar gayya Inna da matata suka tuƙa tuwon da zai ƙosar da bataliya. Ni kuwa tun kafin rana ta fito ina gona da takardata. Hantsi ya yi, daga ni sai inuwata. Na je bakin hanya, na dawo, na hau tudu na leƙa, na duba waya har ta yi zafi. Wajen azahar wata akuya ta zo ta fara cin harawa, ita kaɗai ce ta amsa gayyata. Tuwo dai a maƙwabta aka rabar.

Da la'asar na sami Kawu a zaurensa, na tambaye shi ko bai ga saƙo ba.

"Na gani, Dakta. Na ɗauka na gwamnati ne."

Na ce ai da sunana a ƙasa.

"Ubanka shekara arba'in yana cire takalmi a ƙofar zauren nan in yana neman hannu. Kai kuma ka aiko ƙarfe ya gaishe ni."

Kwana biyu na yi ina bin gida gida da ƙullin goro. In tuɓe takalmi, in durƙusa, a gaisa, a tambayi jikin Baba, sannan a zo kan tambayar da na tsana: wai yaushe zan gama karatun? Na amsa ta har muryata ta dishe. Tsakanin gida da gida kuma in ratsa gona in soka yatsa a ƙasa, kullum tana ƙara ƙin yatsan.

A rana ta uku gari ya fito, har da mai ganga. Ba wanda ya dubi takardata. Kawu ya nuna gabas da fartanya, kowa ya san inda zai kama, ni aka ba ni ɗaukar ruwa. Wajen kwari gyaɗa ta ciru lafiya. Wajen tudu kuwa ƙasa ta riga ta kame, ganye kawai ake ja. Mako guda Inna da matan gida suka yi suna tonon abin da ya rage da hannu, kuma ba duka suka samu ba.

Bayan an kwashe, na zauna gefen gadon Baba na shiga yi masa bayani, cewa a ilimance abin da ya faru matsala ce ta isar da saƙo, kuma zan ma iya sa shi a babi na biyar. Ya ɓare goron da ya rage daga ƙullina, ya tauna, ya tauna.

"To, Allah ya sa jami'ar da za su ba ka ba ta noma gyaɗa."