Romon Kazar Baba Sule

Ina loda akwatunan fasinja a filin jirgi da hantsi aka kira ni aka ce Baba Sule ya rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya ina kallon wani jirgi yana shigewa cikin gajimare, hancina kuwa ƙamshin tukunyarsa yake ji.

Mutumin Kumasi ne, direba, shi ya ba ni ɗaki a gidansa da ke garin Sterling lokacin da na zo ƙasar Turawan nan. Ran Lahadi yakan ɗora romon kaza irin na mutanen Meziko, wanda wata maƙwabciya ta koya masa tun yana gwauro. Kaza da ƙashinta, wuta ƙasa-ƙasa. Yana kwashe kumfa da ludayi yana ba ni labarin zangon Hausawan Kumasi, tururi ya rufe taga har motocin waje su koma kamar inuwa. Ba ya markaɗa komai. Karas da dankali manya-manya, masara gunduwa-gunduwa, kabeji sai can ƙarshe, a matsa lemon tsami a kwano. Yakan ce, "Kowa da lokacin shigarsa tukunya, yaro." Matarsa, Mama Rabi, ta leƙo ta ce, "Alhaji, yau ma wanka kazar take yi?" Ya ce, "Ke dai kawo kwanonki." Duk wanda aka sallamo daga asibiti a cikinmu Hausawan da ke zaune nan, romon nan kan riga shi isa gida.

Bayan jana'iza Mama ta daina cin abinci, ga ta da ciwon suga. Mata suka cika gidan da tuwo da shinkafa da wake, ba ta taɓa ba. 'Yarta ta roƙe ta da Turanci, ta roƙe ta da Hausa. Sai na shiga kicin na ɗora tukunyar, na rage wuta, na jira.

Da na kai mata, ta daɗe tana kallon tururin kafin ta kurɓa. Ta ce, "Habu, ran da ya fara dafa min ina amarya, na ɗauka talauci ne ya hana shi yin miyar kirki." Ta yi murmushi, hawaye na zuba. "Ƙaro min."

Allah Ya jiƙan Baba Sule, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga ƙoramun Aljanna. Mama Rabi da 'ya'yanta, Allah Ya ba su haƙuri da lafiya, Ya zama gatansu. Amin.