Telan da Ya Juya Furen Bado

A gidanmu na Sabon Gari, duk wanda ya buɗe ido ana addu'a ya sha ranƙwashi. Dokar Baba ce, shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartarwa. Kowace safiya kafin ya fita shago sai ya tara mu a tsakar gida, ya karanta Littafi Mai Tsarki, ya ce mu rufe ido. Har na girma ban gane yadda mutumin da ya rufe nasa idon yake kama mai leƙe ba. Da na zama malamar makarantar Lahadi a cocinmu ni ma na gaji halin, ranƙwashin kawai na bari.

Baba tela ne. Shekara arba'in yana kan keke, kuma yana da wata ɗabi'a da ta sa 'yan'uwansa teloli ba sa son ya taɓa aikinsu. In aka miƙa masa riga ba ya kallon gabanta. Juya ta yake ya duba ciki, inda ake ɓoye zaren da ya tsinke da kalmasar da ta karkace. Yakan ce kowa ya iya gyara inda ake gani.

Sai idonsa ya fara gazawa. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, muka yi ta tsokanarsa da tsufa. Da muka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya cinye na hagu, na dama ma saura kaɗan, magani sai dai ya jinkirta abin. Washegari Baba bai kira kowa addu'ar safe ba. Mako ya wuce, wata ya wuce. Yana zuwa coci, ya zauna a kujerar dattawa, amma bakinsa ba ya motsi. Wannan shirun ya fi makantar ba ni tsoro. Na yi masa wa'azi, Allah ya yafe mini, har da jawo ayoyi, alhali shi ya koya mini karatun. Ya saurare ni har na gaji, sannan ya ce in miƙo masa ruwa.

Akwai wani manomin shinkafa daga wajen Wamakko, Musulmi, wanda Baba ke ɗinka wa kaftani kowace Sallah tun kafin a haife ni. A ƙarshen damina ya zo da yadinsa, ya tarar an lulluɓe keken da zane. Ya zauna tare da Baba ba tare da yi masa wa'azi ba, abin da ni na kasa yi. Da zai tafi ya ce:

"Tela, ka taho hwadama gobe da sahe. Bado ya cika tabki, kuma in rana ta yi tsaka ruhewa shi kai. Ka gan shi tun kana iyawa."

Haushi ya kama ni, na ga kamar ya fama wa mutum ciwonsa. Baba kuwa ya ce in nemo mana mota.

A Sakkwato aka haife ni, amma sai ran nan na san abin da ke bayan garinmu, kuma na ji kunya. Shinkafa kore shar har inda ido ya tsaya, iska na kwantar da ita tana miƙewa. Balbelu farare fat suna bin shanu a gefen gona. Tabkin na kwance lumui, sama ta sauko cikinsa, ganyen bado ya bazu a kai kamar faya-fayai, furanni sun buɗe a tsakaninsu.

Baba ta ɗan lungun idon dama kawai yake gani, don haka a hankali yake juya kai, yana ɗaukar wurin kaɗan-kaɗan. Manomin ya naɗe wando, ya shiga ruwa ya tsinko masa fure guda. Baba ya kai shi dab da ido, ya duba farin, ya duba ruwan ɗorawar da ke tsakiya. Sannan ya juya shi. Na kusa fashewa da dariya, mutum ya zo har fadama yana neman kuskuren ɗinki. Ya bi bayan furen da farce, inda kore ya haɗu da fari, ya daɗe yana bi.

"Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, "zo ki gani. Har bayansa ma Ubangiji ya gama shi tsaf. Fure a cikin laka, ba mai zuwa ya juya shi, amma bai bar zare ko ɗaya a waje ba."

Ya ce mu yi addu'a. Manomin ya matsa gefe ya ba mu wuri. Na rufe ido, na ji muryar da na yi wata biyu ina nema. Bai roƙi a mayar masa da ido ba, godiya kawai yake yi, yana ambaton abubuwa ɗaya bayan ɗaya: shinkafar, ruwan, balbelar nan da ta tashi yanzu. A nan na yi shakka, na leƙa. Idon Baba a buɗe yake, hawaye na zuba, yana kallon tabkin yana magana da Ubangiji.

A mota na tambaye shi wa zai yi masa ranƙwashi. Ya yi dariya, karon farko tun ranar asibiti, ya ce rufewar tana tafe, ba sai ya taya ta ba. Washegari da sassafe muryarsa ce ta tashe mu, yana kiran addu'a.

Bana idon ya tafi gaba ɗaya. Da damina ta ja baya shi ya tuna mini, muka koma. Manomin ya sake shiga ruwa. Baba ya karɓi furen ya shafa gabansa, ya juya shi, ya bi bayan da farce kamar bara, ya gyaɗa kai.

"Ke za ki yi mana addu'ar yau," in ji shi. "Kada ki rufe ido, Uwata. Ki faɗa wa Ubangiji abin da kike gani, ni ma in ji."

Na share hawaye don in gani sosai, na fara da balbelu.