Awon Yatsan Inna

Duk wanda ya taɓa zaman haya a gidanmu ya san ƙarar cokalin Baba Canji. Da la'asar ta yi sanyi sai ka jiyo ta daga ƙarshen tsakar gida, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar famfo na ɗiga a bokiti. Sabon ɗan haya yakan yi ƙorafi da farko. Daga baya kuma, ranar da bai ji ba, shi ne mai tambaya ko tsoho lafiya.

Kwandastan motar haya ne tun yana saurayi har gwiwoyinsa suka gaza. A can ya samo sunan, don fasinja ba su da abin kiransa sai "Canji! Malam, canjina!" Da aka daina karɓar tsofaffin sulalla, abokan aikinsa suka watsar da nasu, shi kuwa ya zuba nasa a gwangwanin madara ya tura ƙarƙashin gado. Sai da ya ajiye aiki, zaman gida ya ishe shi, sannan ya jawo gwangwanin.

Kayan aikinsa ba yawa: guntun ƙarfen layin dogo, cokali mai kauri, magagari, da ɗan abin huda na hannu. Yakan tsayar da sule a kan ƙarfen, ya yi ta bugun bakinsa da bayan cokali yana juyawa, har bakin ya baje ya yi faɗi, rubutun jiki ya lanƙwashe ya koma ciki. Daga nan ya huda tsakiya, ya bi da magagari, zobe ya fito. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Telan ƙofar gida yana da zobe, mai wankau ta bayan gidanmu tana da 'yan kunne, har mai gidan hayar, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, yana da maratayin makulli.

Mutum ɗaya ce ba ta samu ba, matarsa, wadda duk muke kira Inna.

"Kowa a layin nan yana walƙiya," in ji ta, tana tsintar shinkafa, "matar maƙeri kuwa hannu kamar muciya."

"Naki na musamman ne, ranki ya daɗe. Ba a yi wa gimbiya aikin gaggawa."

"Gimbiya dai ta yi furfura tana jira."

Gaskiyar maganar ita ce, a cikin gwangwanin akwai sule ɗaya na azurfa mai ɗauke da shekarar da suka yi aure. A tsumma ya ƙulle shi daban. Ba shi da na biyu, in ya ɓata ya ɓata ke nan, shi ya sa ya yi ta koyon hannu a yatsun mutane.

Gab da faɗuwar damina ya ce lokaci ya yi. Ya tsinko zare daga kwandon ɗinkinta, ya zagaya yatsanta ya ƙulle, tana dariya tana cewa ya yi a hankali kada ya yanke mata jini. A lokacin Inna mace ce mai jiki, yatsunta cike. Ya rataye ƙullin zaren a ƙusar da ke saman ƙofarsu, ya kama bugu.

A daminar nan ne ciwo ya kama ta. Abinci ya daina shiga, aka yi ta zaryar asibiti, har Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ta baro gidan mijinta ta zo jinya. Inna ta daina fitowa tsakar gida. Ƙarar cokali dai ba ta fasa ba, sai ma ta ce a riƙa ɗage mata labule don ta ji.

Baba Canji yana da magana ɗaya da yake faɗa wa duk wanda ya tsaya kallon aikinsa: "Kafin ka huda, cokali zai rage maka zobe yadda kake so. Da ka huda, magana ta ƙare. Sai dai ƙari, babu ragi."

Ranar da ya ɗauko abin huda, Auta tana wanke kwanuka kusa da shi. Ta tsame hannu ta ce, "Baba, da ka sake gwada yatsanta kafin ka huda."

"Na auna."

"Wancan awon ai tun kafin ruwa ya sauka ne, Baba."

"Ke, yaushe aka haife ki? Awo ɗaya nake yi. Uwarki murmurewa take, kwana kaɗan za ta mai da jikinta. In na rage yanzu, ta warke, a ina za ta sa shi? A kunne?"

Auta ta koma kan kwanukanta. Shi kuma ya huda.

Zoben ya yi kyau, ko mu da muka saba ganin aikinsa sai da muka karɓa muka jujjuya. Shekarar tana nan daga ciki, inda za ta riƙa taɓa fata. Auta ce ta ba mu labarin abin da ya faru a ɗaki. Da ya zura mata, zoben ya sulale zai faɗi, Inna ta yi maza ta dunƙule hannu.

"Cif-cif," ta ce. "Kamar da shi aka haife ni."

Washegari aka ga zoben zaune daram a yatsanta. Baba Canji ya fito har ƙofar tela yana cewa, "Ban faɗa muku ba? Jiki ya fara dawowa." Bai san ta naɗa zare a ƙasan zoben ba, ta ɓangaren tafin hannu, kullum kuma tana kife hannun a kan zane. Da zoben ya sake yin sako-sako sai ta ƙara zare. Da yatsunta suka kasa, Auta ce ke naɗa mata.

Wata safiya ya kama hannunta zai tayar da ita ta sha magani, sai ya ji tudu a tafinsa. Ya juya hannun. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan fa?"

"Ƙarfen ne ke min sanyi, shi ne na yi masa riga."

"Kin kyauta," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Sai dai kin rufe min shekarar."

"Tana nan, Baban Auta. Ni ai na san ta."

Ran nan ya zauna gaban ƙarfensa har rana ta faɗi, cokali a hannu, ba mu ji ƙwas ko ɗaya ba. Ruwa na ɗaukewa Allah ya yi wa Inna rasuwa.

Auta ta miƙa masa zoben ta koma gidanta. Yanzu shi kaɗai ne a ɗakin, gwangwani ya koma ƙarƙashin gado, cokalin kuma da shi yake motsa shayi. Da yamma yakan zauna a bencin tela, zoben na aljihun gaban rigarsa, ya ciro ya duba ya mayar. Sau ɗaya na ji ya yi maganar, ba tare da an tambaye shi ba.

"Kullum ina ganin hannun nan," ya ce. "Na ɗauka in na bar masa faɗinsa, dole ta dawo ta cika shi."

Tela ya dubi zaren da ya yi dauɗa ya dunƙule, ya miƙo almakashi. "Kawo in yanke maka wannan tsummar, Baba, azurfar ta fito."

Baba Canji ya rufe hannunsa.

"Bar shi. Nawa aikin bai yi mata daidai ba. Nata ne ya yi."