Takardar Da Na Miƙa Da Hannu Biyu

Na sha wuya a shekarar nan, wuyar da ba noma ba, ba yunwa ba. Har in koma ga Allah ba zan manta da ita ba.

Ƙauyenmu yana bayan Gidan Amumune, likita na da nisa. Sai wani mutum ya buɗe ɗaki bakin kasuwa, ya sa farar riga, muka riƙa ce mishi dokta. Ba wanda ya tambaye shi inda ya yi karatu. Wa zai tambaya? Ni lakwal, makarantar boko, shekara biyu na yi.

Damina ta yi tsaka, masassara ta kama uwar 'ya'yana. Na ɗora ta a amalanke na kai ta. Ya rubuta wani abu cikin karnenta, ɗan littafin nan da ake rubuta maganin maras lafiya, ya yi mata allura biyu. Kafin ya wanke hannu bakinta ya kumbura, numfashi ya gagara. Da ƙafarta ta shiga ɗakin, a tabarma muka fito da ita.

Ran addu'ar uku ya zo gaisuwa. Ya durƙusa gaban jama'a, idonshi ya yi ja. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, a yafi juna. Kowa yana kallona, na ce na yafe, aka shafa Fatiha. Da dokta zai tashi ya ja ni gefe.

"Yayana, ba ni karnen marigayiya in rufe sunanta a rajista."

Na shiga ɗaki na ɗauko, na miƙa mishi da hannu biyu, har da godiya. A wajenmu mai zuwa ta'aziyya ba a hana shi abu. Wautar da na yi ke nan.

Bayan arba'in, ƙanwar marigayiya ta faɗa mini cewa tun suna 'yan mata an hana yayarta wannan allurar, kuma an rubuta a shafin farko na karnen. Bai duba ba. Barci ya ƙaurace mini. Ba diyya nake so ba, so nake a karɓe allura daga hannunshi.

Na hau kabu-kabu zuwa Mayahi. Wani ma'aikaci mai kirki, irin waɗanda muke ce ma mushe, a wani biro, wato ofishin hukuma, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce in mutumin yana da rajista, ƙara sai ta je Yamai, a rubuce, da hujja. In ba shi da ita, maganar jandarma ce. Na je wajen jami'an tsaron nan na jandarma, suka tambayi shaidu. Shaiduna duka su ne suka ji na ce na yafe, ba wanda ya yarda ya tayar da abin da Fatiha ta rufe. Na koma wajen dokta neman karne, ya ce gara ta cinye.

Zuwana Mayahi na biyar, mushen ya ce ana maganar gyara doka, yadda talaka zai kai kuka da baki a bincika mishi.

Na ce, "Yaushe, ranka ya daɗe?"

Ya ce, "Malam, ni ma a rediyo nake ji."

Na koma gida na iske 'yata ta fari kwance, jiki kamar garwashi, ruwa kuma ya yanke hanyar Mayahi a bayana. Abin da na koya, yafiya taka ce, ka bayar in kana so, amma takarda ba a bayar da ita, don hukuma ba ta jin kukan da ba a rubuta ba.

Da gari ya waye na ɗaure jaki a amalanke, na kai ta ɗakin nan na bakin kasuwa, don babu wani. Na sa shi ya karanta karnenta da ƙarfi tun daga shafin farko, ya rubuta sunan maganin, ya sa hannu. Na ninke karnen na tura aljihu, sannan na riƙe mata hannu ya yi allurar.