Ina Ɗakin Tiyata, Suna Ɗaure Mini Mota

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Rabona da in ce komai a nan tun kafin azumi. Masu tambaya ko na bar sana'ar kifi ne, ban bari ba. Jinya na yi, kuma da ƙyar na sha.

Da zazzaɓi abin ya fara. Na ɗauka na sauro ne, irin wanda duk mai shiga fadama ya saba da shi. Na sayi magani a kyamis, na ci gaba da harkokina. Zazzaɓi ya ƙi sauka, abinci ya fita raina. Matata Bilki ta yi ta cewa, "Baban Hafsa, ka rame fa. Ka je a duba ka." Na ce mata sai kasuwa ta lafa.

Ranar da ciwon ya kayar da ni, na dawo daga bakin kogi ke nan, bayan motata cike da ɗanyen kifi, tarwaɗa da karfasa. Ina shigowa Haɗejia cikina ya murɗa, ya sandare kamar katako. Ban san yadda na kai kaina wani asibitin kuɗi ba. Jikin asibitin akwai filin ajiye motoci na wani kamfani. Na shiga, na kashe mota, na fito a duƙe.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya dube ni ya ce, "Malam, taifot ne ya huda maka hanji. Yanzu za mu shiga da kai, ba sai an jima ba."

Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Na kira ƙanena Sabo, na ba shi amanar yarana.

Na farka da roba a hanci, ga ƙarin ruwa a hannu. An hana ni ko kurɓar ruwa. Bilki ce take jiƙa auduga tana shafa mini a leɓe. Kullum da safe ma'aikaciyar jinya sai ta tambaya ko na yi tusa. Ranar da na yi, har barka aka yi mini, wai alamar hanji ya fara aiki ce. Sai kuma ɗinkin ya yi ruwa, aka koma wankin ciwo, wanda ba na fatan kowa ya ɗanɗana. Kuɗin aiki da na magani, sai da Sabo ya sayar da babur ɗinsa.

Duk wannan ƙaddara ce, na karɓa. Abin da har yau ya tsaya mini a rai shi ne na mota.

Washegarin aikin Sabo ya je zai ɗauke ta. Ya tarar an ɗaure tayar da sarƙa, an manna takarda a gilashi: tarar wuce lokaci, kuma kullum tana ƙaruwa. Ya ce wa masu tsaron filin mai motar yana bayan katangar nan kwance, an farke masa ciki. Suka ce ba ruwansu. Ya ce to a bar shi ya kwashe kifin. Suka ce ba a taɓa mota sai an biya. Abin da ke aljihunsa kuwa na allurata ne.

Ya ɓoye mini har aka sallame ni.

Na je wurin ina dafe da ciki. Tun daga bakin ƙofa wari ya tare ni. Ruwan kifin ya tsiyaye ƙarƙashin mota, ƙuda ya yi baƙi, tsutsa tana zubowa. Nan na durƙusa na yi amai, ɗinkina kamar zai ɓalle. Tarar kuwa ta kusa kamo kuɗin tiyatar.

Aka ce in ban yarda ba in rubuta koke. Na rubuta, na haɗa da takardar sallama, na kai ofishinsu. Manajan ko kujera bai nuna mini ba. Ya karanta, ya ɗago ya ce, "To Malam, me ya hana ka fitar da motar kafin a shiga da kai?"

Na ɗaga rigata na nuna masa bandeji. Ya kawar da kai. "Mu ƙa'ida muke bi. Kuma akwai kuɗin wanke fili, warin motarka ya kore mana mutane."

Wallahi ruɓaɓɓen kifin nan bai tayar mini da zuciya kamar maganarsa ba.

Suka yi watsi da koken, amma ban haƙura ba. Likitana ya rubuta halin da na zo a ciki, ya buga hatimi. Baba Garba, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan kifi, ya ce shi zai raka ni. Muka tsallake manajan, muka je wurin mai kamfanin. Baba Garba bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Alhaji, a ƙofar asibiti kuke neman abinci. Mutum ya zo rai a hannun Allah, ku kuna ƙirga masa awa? In ba za a warware a nan ba, mu je kotu a karanta takardun nan gaban jama'a."

Alhajin ya duba takardun, sannan ya sa hannu aka soke tarar. Na biya na yini ɗaya kamar kowa. Kifin da ya ruɓe kuwa, ko "yi haƙuri" ban samu ba.

Yanzu alhamdulillahi ciwo ya warke. Ina cin tuwona, na koma kasuwa, sai dai ba na ɗaga kaya tukuna.

Na gode wa Allah. Bilki, Sabo, Baba Garba, likitana da ma'aikatan da suka yi ɗawainiya da ni, Allah ya biya ku da Aljanna.

'Yan'uwa, zazzaɓin da ya ƙi jin magani ku je a gwada jini, kada ku yi irin taurin kaina. Kada ku tuƙa kanku asibiti in akwai mai kai ku. In an manna muku irin takardar nan, ku ɗauki hotonta, ku adana takardun asibiti, ku kai kuka sama, kuma kada ku je ku kaɗai.

Kai kuma da Allah ya ba tsaron ƙofa, in ka ga mota ta kwana a bakin asibiti, kafin ka ɗauko sarƙa ka fara tambaya ko mai ita yana da rai.