Tabon da ke wuyan hannun 'yata

A shekarun da Turawa ke shirin tafiya, ina 'yar ashirin da 'yan kai, mijina akawun gwamnati ne, muna zaune a gidan haya a unguwar Abakpa a Kaduna. In da za ku tambayi matan gidan nan, za su ce ba wadda ta kai ni iyayi. Kwanukana sai sheƙi, zanen gado kullum da guga, 'yata ɗaya tilo mai shekara biyu kuwa sau uku nake mata wanka a yini. Ina taƙama da tsabta har ina yi wa 'ya'yan maƙwabta kallon banza.

Gwaggon mijina ta zo daga ƙauye ta yi mako guda, tana kwana da yarinyar a shimfiɗa ɗaya. Bayan tafiyarta da fiye da wata guda, har na manta, sai yarinya ta fara susa. Ƙananan ƙuraje suka feso a tsakanin yatsunta da wuyan hannu. Wata maƙwabciyata Bakatsiniya ta duba sau ɗaya ta ce ai ƙazuwa ce. Kai, ji na yi kamar ta watsa min ruwan zafi! Ƙazuwa, a ɗakina? Kwana biyu ban gaishe ta ba.

A asibiti malamin da ya duba ta ya tabbatar. Ya ce wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga ƙarƙashin fata ya yi ƙwai. Ƙaiƙayin kuma jiki ne da kansa yake tayar da shi, idan ya gane baƙo ya shigo ya fara faɗa da shi, shi ya sa a kamun farko sai an yi makonni kafin a fara susa. Ya ba ni farin magani a kwalba, ya faɗa min sau nawa za mu shafa mu duka, in kuma tafasa tufafi da shimfiɗa. Sai ya ja min kunne, ya ce ko ƙwaron ya mutu za ta ci gaba da susa mako biyu ko uku, domin jiki ba zai daina faɗa da gawarsa ba sai tsohuwar fata ta saɓule. Kada in ƙara komai. Na ce to, amma a raina cewa nake surutun 'yan boko ne.

Abin da ke cina shi ne saura kwana goma bikin ƙanwar mijina a Zariya, kuma surukata dama tana cewa 'yan Kaduna kwalliya kawai muka iya. Ta ga jikarta tana susa a gaban dangi? Allah ya kiyaye. Kwana uku da gama magani, yarinya na nan tana karce hannu. Haushi ya kama ni, na dinga shafa mata kullum har kwalbar ta ƙare. Da na ga bai daina ba, na aika kasuwa aka sayo farar wuta, na niƙa, na kwaɓa da kananzir, na lafta mata a hannu biyu na naɗe da tsumma don kada ta lasa. Tana ihu tana miƙo min hannuwan, ni kuwa ina cewa ta yi haƙuri, magani ne ke aiki. Maƙwabciyar nan ta leƙo ta ce in ji tsoron Allah in kwance, na ce ta je ta ji da nata 'ya'yan.

Kwana biyu na bari. Da na zo kwancewa, tsumman ya taho da fata. Wurin ya ruru ya yi mugunya, zazzaɓi ya rufe ta. Malamin asibiti ya duba ya ce ƙazuwa ta daɗe da mutuwa, abin da zai yi jinya yanzu aikin hannuna ne. Ba mu je biki ba. Surukar da nake gudu ita ta zo Kaduna ta zauna wata guda tana wanke ciwon, ba ta taɓa ce min uffan ba. Wallahi da zagina ta yi da na fi samun sauƙi.

Har yau in na tuna takaici nake ji, domin an faɗa min komai dalla-dalla, kunnena ya ji. Tsoron bakin mutane da gaggawa suka sa na yi wa 'yata abin da ƙwaro bai yi mata ba. Iyaye mata, in an ce ku jira jiki ya huce, ku jira, kada ku ƙara magani a kan magani don a ce kun iya.

'Yata ta warke, amma tabon ya zauna a wuyan hannu biyu. Da ta yi wayo ta tambaya, na ce tukunyar ruwan zafi ta jawo tana rarrafe. Yanzu tana da jikoki. Duk sanda ɗayansu ya matso kusa da murhu, sai ta nuna masa hannunta ta ce ya ga abin da rashin ji ya jawo mata, ni kuma ina zaune ina jinta.