Bawan sarkin da ke cikin tele

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, a Damagaram, malaminmu na falsafa ya ara mini wani tsohon littafi na Turawa a kan dabarun mulki. Na karance shi tas, na koma hutu Tanut ina jin ba wanda ya kai ni sanin duniya.

A lokacin ana nuna wani wasan sarauta a tele, duk yamma unguwa na taruwa a tsakar gidanmu. A wasan akwai wani bawan sarki mugu, shi ke ƙwace wa talakawa hatsi da bisashe. Kowa na tsine masa. Kakata kaɗai ke kallo shiru. Sunan mahaifinta na ci, shi ya sa Babana take ce mini. Abin da muka sani a gida shi ne mahaifin nata ya tafi fatauci Kano, ya rasu a can.

Wata rana na kasa riƙe bakina. Na ce, "Ku bar wahalar da kanku. Sarkin ne ke aikensa. In mutane suka gaji, zai wulaƙanta shi a gabansu, su ce sarki adali ne. Yana cikin littafi."

Wani abokina ya ce, "To malam boka, mun ji."

Ba a daɗe ba kuwa aka nuna an ɗaure bawan a kasuwa, sarki na rantsuwa bai san kome ba. Na miƙe ina tafi, ina cewa, "Kun gani? Haka ake mulki."

Sai na ji kakata ta ce, "Zauna, Babana."

Ta ce, "Haka aka yi wa ubana. Ina yarinya, ba a daɗe da gama yaƙin Abzin ba, kumandan, Baturen mulki, ya matsa a kai masa gero da raƙuma. Mai garinmu, can wajen Gangara, ubana yake turawa gida-gida. Da mutane suka tashi, ya sa aka ɗaure shi ranar kasuwa, aka kore shi daga ƙasar. Ina riƙe da zanen uwata ina kallo. Ba wani fatauci da ya je."

Na dubi mahaifina, na ga shi ma ranar ya fara ji.

Ta ce, "Littafin naka, ya faɗi abin da 'ya'yan mutumin suka ci bayan an kore shi?"

Sai na koma na zauna.

Yau ni ma falsafar nake koyarwa, kuma littafin nan na cikin abin da nake karantarwa. Ban ce ƙarya ya yi ba, gaskiyarsa ce ma ke tayar mini da hankali. Na sha komawa babin da ya kawo dabarar nan ina neman amsar kakata. Dabarar sarki na nan cike da shafi. Yaran ba su samu ko layi ɗaya ba.